Wata Uku Ba Biya

Fom na arba'in da ɗaya da Lauya ta cike a makon nan na maƙwabcinsu ne, Mai Walda. Ita dai ba lauya ba ce. Mahaifinta ne ya laƙa mata sunan tun tana firamare, saboda ba ta barin magana ta faɗi ƙasa. Sunan ya bi ta har jami'a, ya kuma rako ta wannan shagon buga takardu, inda take zama daga takwas na safe zuwa shida na yamma tsakanin wata tsohuwar kwamfuta da injin kwafi mai cin takarda kamar akuya.

Tun da gwamnati ta yi shelar shirin sassauci ga masu bashin gida, shagon bai huta ba. Unguwarsu kaf gidajen banki ne, gida ɗari biyu masu kama ɗaya, aka ba ma'aikata su biya a hankali cikin shekara ashirin da biyar. Sai kuɗin ruwa ya tashi sau biyu a shekara guda, masana'antar da ta ɗauki rabin mazan unguwar kuma ta sa kwaɗo a ƙofa. Yanzu gwamnati ta ce za ta share abin da ya taru a kan mutum, ta hana banki yi masa gwanjon gida har shekara biyu, a kuma rage masa kuɗin wata zuwa rabi.

"Wata nawa ake bin ka, Kawu?" ta tambayi Mai Walda, idonta na kan kwamfuta.

"Bakwai. A'a, sa takwas, na wata mai zuwa ma ba shi da ranar fita."

"Abin da takardar banki ta ce zan sa."

"To sa bakwai ɗin, sarauniyar gaskiya." Ya kwashe da dariya, ya leƙo kanta. "Ke da kika cike wa duniya, naku fa? Ko wanzami ne ba ya son jarfa?"

Nasu na cikin jakarta tun ranar farko, ta buga shi ba kuskure ko ɗaya.

Washegari ta roƙi mai shago rabin yini, ta tafi ofishin shirin. Dogon zaure ne mai bencina da fanka biyu, ɗaya ba ta juyawa. Lamba ta saba'in da shida aka ba ta. Sai wajen ƙarfe ɗaya ta isa taga ta huɗu, inda wata mata mai tabarau ta karɓi fom ɗin, ta danna lambar gidan.

"'Yata, ai ku ba a bin ku ko sisi."

"Haka ne. Shekara goma sha huɗu mahaifina bai taɓa fashi ba."

"To me ya kawo ki?"

Lauya ta gyara tsayuwa. Ta lissafa mata firjin da suka sayar, da babur, da keken ɗinkin mahaifiyarta. Ta ce albashinta gaba ɗaya banki yake tafiya, kuma bai isa ba, sai da mahaifinta ya ciwo bashi wurin mai ba da kuɗi da ruwa a kasuwa don ya cike wa banki. Ta ce idan aka tafi a haka, ba za su ga ƙarshen shekara a gidan ba.

Matar ta cire tabarau ta murza ido. "Kwamfuta ba ta san firji ba. Abin da ta sani shi ne wata uku cif ba biya, a ranar da aka kawo fom. Wanda bai kai haka ba, a wurinta lafiyarsa ƙalau."

"Wato wanda ya ƙi biya shi ne mara lafiya, wanda ya zubar da jini ya biya shi ne mai ƙoshi?"

"Ba ni na rubuta ba. Da ni na rubuta, da ban zauna a wannan zafin ba." Ta turo mata fom ɗin ta ƙarƙashin gilashi, sannan ta rage murya. "Ranar nawa ga wata kuke biya?"

"Biyar."

"Shirin ba ya rufewa sai watan jibi, ranar sha biyu. An ce kin yi makaranta, ko? Ni ban ce komai ba. Mai lamba saba'in da bakwai!"

Kafin Lauya ta kai bakin titi ta gama lissafin. Idan suka bar ranar biyar ta wuce sau uku, za a rage musu kwana bakwai su shigar da fom. Lissafin bai ba ta wahala ba. Wanda za ta kai wa lissafin shi ne aikin.

Ta tarar da Baba a falo yana goge farar rigarsa. Direba ake kiransa a unguwa, domin shekara ashirin da shida ya ja motar ma'aikatan masana'antar nan bai taɓa ko kaza ba. Jibi biyar ga wata, kuma shi bai yarda da tura kuɗi ta waya ba. Wanka yake yi, ya sa farar riga, ya ɗaura agogon da kamfani ya ba shi, ya je banki da ƙafarsa, ya tsaya a layi, ya ga an buga hatimi a rasit da idonsa.

Ya saurare ta har ta gama, dutsen guga na tsaye a hannunsa.

"In na fahimce ki, so kike in zama maƙaryaci na wata uku, don gwamnati ta ji tausayina."

"Ba ƙarya ba ce, Baba. Ba mu da shi. Wannan ita ce gaskiyar. Biyan da muke yi shi ne ƙaryar."

"Kin ji ta ko? Na ce miki lauya na haifa."

Mama tana bakin ƙofar kicin da tsumma a hannu. Ba ta saba sa baki a maganar banki ba, amma ranar ta sa. "Baban Lauya, me ya rage a gidan nan da za a sayar? Katifa? Ko ni?"

"Na sa hannu a takarda. Na ce zan biya."

"Su ma sun sa hannu," in ji Lauya. "Ba su ce za su ninka ruwa ba."

Aka yi ta yi har shayin da Mama ta haɗa ya huce. Daga ƙarshe Baba ya zare wayar dutsen guga, ya ninke rigar da bai gama gogewa ba.

"Albashinki ne, ba nawa ba. Wata uku kika ce?"

"Wata uku cif, Baba. Ka yi mini alkawari."

"Na yi."

Ranar biyar ta farko ta zo ta wuce. Baba bai fito daga ɗaki ba sai da rana ta yi sanyi. Bayan mako guda wasiƙa ta zo, fara, mai ladabi, wai ko mantuwa aka yi. Ya karanta sau uku, ya ce, "Mantuwa. Ni."

Lauya ta ɗauki albashin watan ta kai wa mai ba da bashi na kasuwa, haka ma na wata na biyu, har ta karɓo takardar da Baba ya sa wa hannu ta yaga a gabansa. Tunda gwamnati za ta share na banki, gara a cire wannan ƙayar tukuna. Na wata na uku ya tafi a kan bashin kanti da na lantarki da maganin hawan jinin Mama. A karon farko cikin shekara guda aka sayo nama ba don baƙo ba. Mama ta ci tana waige, kamar za a zo a ƙwace.

Baba kuwa ƙanƙancewa yake yi. Wasiƙa ta biyu ruwan ɗorawa ce, babu ladabi a cikinta. Waya ta fara shigowa, wani mutum mai saurin baki yana karanto masa adadi. Duk lokacin da ta yi ƙara sai Baba ya miƙe tsaye kafin ya amsa, yana cewa, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri." Ya daina zama a bencin ƙofar gida da yamma. Ya tsiri fita da sassafe, ya dawo bayan la'asar, ya ce wurin tsofaffin abokan aiki ya je. Lauya ta ji daɗi ma, a ganinta gara ya fita da ya zauna yana kallon wasiƙu. Ita kanta a gajiye take dawowa, ta tsallake ledar falon da ta ɗaye a bakin ƙofa, ta faɗa kan gado da takalmi. Kullum da safe sai ta soke rana ɗaya a kalandar shago.

Ranar biyar ta uku ta wuce. Ranar shida, mutum biyu suka zo a babur da bokitin gam, suka manna jar takarda a ƙofar gida, daidai tsayin idon mai wucewa. An rubuta sunan Baba da manyan baƙaƙe, da adadin da ake bin sa.

Lauya na dawowa ta tarar da shi tsaye a gaban takardar, hannayensa a baya. Mai Walda yana tsallaken titi a bakin shagonsa, ya ɗage gilashin walda zuwa goshi.

"Direba! Barka da shigowa ƙungiya! Wallahi mun daɗe muna jiranka. Tawa har ta koɗe, taka sabuwa fil. Duniya rawar 'yan mata, na gaba ya koma baya!"

Ba da mugunta ya faɗa ba, haka bakinsa yake. Masu shayi suka yi dariya. Baba ya yi murmushin da bai kai ido ba, ya sa farce a gefen takardar.

"Kar ka cire, Baba," in ji Lauya. Ta ɗauki hotonta da waya. "Shaida ce. Wannan ita muke jira."

Ya dube ta, ya dubi takardar, ya shige ciki.

Mai shago bai sake ta ba sai ranar tara, domin makon ƙarshe ne, jama'a har waje. Ta isa ofishin tun kafin a buɗe, duk da haka lamba ta ɗari da huɗu ta samu. Ta zauna a benci da fom da hoton jar takarda da wasiƙu biyu a cikin fayil. Wata tsohuwa kusa da ita ta yi barci a kafaɗarta, ba ta ture ta ba. Da aka kira ta, taga ta huɗun ce dai, matar nan mai tabarau.

"Kin dawo. Kin iya lissafi ke nan." Ta danna lambar gidan. Murmushinta ya tsaya. "Wata biyu."

"Uku."

"Biyu, 'yata. An biya wata ɗaya shekaranjiya, ranar bakwai, ƙarfe goma da kwata. Kuɗi hannu."

"Kuskure ne. Kuɗin a hannuna yake, ban biya ba."

Matar ta juyo mata da fuskar kwamfutar. Ga shi nan, layi guda, baƙi a kan fari.

"Wata na uku zai sake cika ranar biyar mai zuwa," in ji Lauya. Muryarta ta fito kamar ta wata.

"Mu kuma ranar sha biyu ga wannan muke rufewa."

"Ba za a ƙara lokaci ba?"

"An ce ba za a ƙara ba. Je ki banki, ko za su janye. Ban taɓa gani ba dai."

Ta je. Kashiyan, wani siriri mai ƙaramin gemu, bai ma duba kwamfuta ba. "Dattijon nan mai farar riga? Ai na san shi. Har haƙuri ya ba ni kan jinkiri, ya ce ba halinsa ba ne. Da duk haka masu bashi suke, da mun huta."

Ta nemi manaja. Ta jira awa biyu a kujerar roba. Ta yi masa bayani dalla-dalla, ta kawo sashe da lamba, ba ta roƙa ba, ba ta yi kuka ba. Ya saurare ta yana juya biro.

"Malama, so kike in mayar wa mutum kuɗin da ake bin sa, don a ci gaba da bin sa? In rubuta wa na sama da ni me?"

"Ka rubuta gaskiya."

"Gaskiyar ita ce ya biya."

A ƙafa ta koma gida, ko da yake akwai kuɗin mota a jakarta. Jar takardar ba ta ƙofa, sai tabon gam mai kusurwa huɗu. Baba yana zaune a bencin waje, karon farko cikin wata biyu, yana amsa gaisuwar masu wucewa.

"Baba, mu shiga ciki."

A falo ta ajiye fayil a kan tebur. Mama ta fito daga kicin ta tsaya.

"Ka je banki."

"Na je." Bai sunkuyar da kai ba. "Amma ban karya miki alkawari ba. Wata uku kika ce, cif. Na ƙirga da ke. Sai da biyar ta wuce, har shida, suka zo suka rubuta a ƙofa kowa ya gani, kika ɗauki hoto. Shaida ta samu. Sannan na je na rage ɗaya, don su ba ni izinin cire abin nan. Biyun kuma gwamnati ta share."

"Ranar da aka kai fom suke dubawa, Baba. Ba ranar da aka manna takarda ba."

"To ai sun cika. An rubuta sun cika."

"Sun cika, ka rage."

Ta ga lissafin yana shiga masa a hankali, kamar ruwa a busasshiyar ƙasa.

"Ina ka samu kuɗin?" in ji Mama.

Lauya ta dubi hannunsa. Babu agogo, sai farin zobe a fata inda yake zama. Yatsun kuma duk sun tsage, farcen ya yi fari fat, irin na mai yini cikin ruwan sabulu.

"Wurin abokan aikin ke nan?"

"Tasha," ya ce. "Wankin mota. Mako bakwai. Yaran da na koya wa tuƙi su suke ba ni, ba sa bari kowa ya taɓa motarsu sai ni." Ya juya hannayen yana kallo. "Agogon ne ya cike."

Tun daga banki take tara maganganu, ta jera su, ta wasa su. Ta san wadda za ta fara da ita. Za ta ce masa mutuncin da ya saya da kuɗin wata ɗaya, gida guda ya ci. Ta dube shi zaune a bakin kujera, gwiwoyinsa a haɗe kamar ɗan makaranta a ofishin hedimasta. Wannan karon Lauya ta bar magana ta faɗi ƙasa.

"Laifina ne," ta ce can. "Ban faɗa maka wace rana suke dubawa ba."

"Kar ki ɗauke mini kayana, Lauya. Nawa ne."

Mama ta koma kicin. Suka ji ta kunna famfo, ta bar shi yana zuba ba ta wanke komai.

Ranar sha biyu ta wuce. Rediyo ya ce shirin ya yi nasara, dubban iyalai sun amfana. Wasiƙa ta gaba ta ba su kwana talatin su biya wata biyu da tara, ko a sa gidan a gwanjo. Lauya ta rubuta ƙorafi shafi uku zuwa ofishin shirin, aka buga mata hatimin karɓa, aka jefa shi a kwali tare da wasu. Ba ta jira amsa ba. Ta zauna da takarda da biro ta zana gidan: ɗaki uku, falo, kicin, banɗaki biyu. Ta ja layi a tsakiya.

Wata ma'aikaciyar jinya da mijinta suka yarda su kama ɗaki biyu da rabin falo, su biya hayar shekara gaba ɗaya. Wannan zai kashe wutar kwana talatin. Hayar da albashinta, in aka haɗa, za su riƙe ranar biyar, muddin ba wanda ya kwanta ciwo, muddin ruwa bai sake tashi ba. Saura shekara goma sha ɗaya. Ta ninka da sha biyu, ta ga adadin, ta rufe littafin.

Ranar Asabar da safe magini ya zo da bulo da siminti. Mai Walda ya tsallako da ƙyauren ƙarfe a kafaɗa, na sabuwar ƙofar da za a fasa ta gefe. Ya jingine shi a bango, ya cire hula yana sosa kai, bai kalli Baba ba.

"Nawa ne, Kawu?" in ji Lauya.

"Bar shi. Ku biya ni ranar da gwamnati ta fito da shirin masu biya."

Ba wanda ya yi dariya, har shi.

Ta kwashe littattafanta daga ɗakin da ta kwana a ciki tun tana 'yar shekara goma, ta jera su a kwalaye a bayan kujera. Nan za ta riƙa shimfiɗa katifa. Magini ya ja awo daga wannan bango zuwa wancan, Baba ya riƙe masa ɗaya bakin, ya durƙusa da ƙyar yana danne shi da babban yatsa.

"Ka karkace," ya ce wa magini. "Matso da shi kaɗan. In za a yi, a yi shi daidai."

Magini ya gyara, ya ja alli a kan siminti, farin layi ya raba falon biyu, ya bi ta ƙarƙashin fanka. Ya miƙe yana kaɗe hannu.

"To, maigida, wane ɓangare za ku zauna? Na baya ya fi faɗi, ya fi iska. Na gaba rana ce ke dukansa."

Baba ya juyo ya dubi 'yarsa.

"Na gaba," in ji Lauya. "Inda lambar gidan take."

Ta naɗe hannun riga, ta ɗauko bulo na farko ta miƙa wa magini.